Hadarin Yamma

Tun watan Agusta Alhaji Badaru ya fara damun mu da maganar hawa dutse. Likita ne ya tsorata shi, ya ce idan bai rage teɓa ya riƙa motsa jiki ba, hawan jinin nan zai kai shi ƙasa. Mai hankali sai ya riƙa zaga bakin ruwan Deira a nan Dubai da yamma, kamar yadda tsofaffin Indiyawa ke yi. Amma Alhaji mutumin Kano ne irina, ba mu iya yin abu kaɗan ba. Ya ga hotunan duwatsun Ras al-Khaimah a waya, ya ce shi sai ƙololuwa.

Alhaji ne mai ofishin kago, wato jigilar kaya, da nake wa aiki a Port Saeed, ni nake bin takardun kaya, kuma gida ɗaya muke zaune a Al Muraqqabat. Na ukunmu Oumarou, mutumin Agadas, a wani ɗakin ajiya na Al Quoz yake aiki, inda ake ɗaure kayanmu a loda su a kwantena. Duk Lahadi yakan zo mu ci tuwo. Dogo ne, marar jiki, kuma ko wane irin zafi ake yi ba ya rabuwa da shuɗin rawaninsa idan ba a bakin aiki yake ba. Kafin ya zo Dubai, jagoran masu hawa dutse ne. Shi yake kai Turawa duwatsun Bagzan, har rashin tsaro ya kore su, sana'ar ta mutu a tsaye. Ba shi da yawan magana, amma akwai abu ɗaya da yake maimaitawa har muka haddace: tunda yake, bai taɓa hawa dutse da mutum ya sauko babu shi ba.

Ranar da Alhaji ya kawo maganar, Oumarou ya ajiye cokali ya dube shi.

"Alhaji, yanzu? Cikin wanga zahi? Kana son a ɗauko ka cikin buhu?"

"To ai da asuba za mu fita."

"Asuba ba ta daɗewa bisa dutse. Ba inuwa, ba rijiya, dutsen kanshi tanda ne. Kowane dutse da lokacinshi. Ka yi haƙuri sai sanyi ya shigo, ni da kaina zan kai ka."

Alhaji ya yi ta ƙunƙuni, wai Buzaye sun fiye tsoro. Ba a yi nisa ba sai ga labari a waya, an ɗauko wasu matasa daga duwatsun da jirgi mai saukar ungulu, ƙishirwa ta kusa gamawa da su. Daga ranar Alhaji ya daina musu da Oumarou a kan dutse, ni ma haka.

Abin da Alhaji ya ɗauka motsa jiki ne, a wurin Oumarou rayuwa ce. Ya tsani ɗakin ajiyar nan. Mutumin da ya saba kwana yana kallon sama, an sa shi a cikin rumfar ƙarfe yana naɗe katan da leda tun safe har bayansa ya sage. Ya taɓa ce mini tunda ya zo ƙasar nan bai yi numfashi ya kai ƙasan ƙirjinsa ba. Da kyar ya sami wani ɗan ƙaramin kamfani mai kai baƙi yawon dutse. Mai kamfanin ya saurare shi, ya ce gwanintar Nijar ta Nijar ce, ya je ya koyi hanyoyin nan, ya hau da mutane ya sauko da su, ya kawo masa hotuna, sannan a yi magana. Tun da sanyi ya fara shigowa a Nuwamba muka daina ganinsa a wurin tuwo. Duk Lahadi yana can shi kaɗai yana bin hanya, yana koyon inda take hawa da inda take karyewa. Ya buga wa matarsa Hannatou a Agadas ya ce mata ta kwantar da hankali, ya kusa komawa sana'arsa.

Shi ya zaɓi ranar, wata Lahadi a tsakiyar Janairu. Ya ce babu lokacin da ya fi wannan, rana ba ta cizo, iska busasshiya, ƙafa ba ta santsi.

A motar Alhaji muka tafi, muka yi sallar asuba a wani masallacin bakin hanya. Gari na wayewa muna gindin dutsen. Sanyi irin wanda ban san akwai shi a ƙasar nan ba ya shiga mini har ƙashi. Alhaji ya sayi takalmin hawa dutse da sanda da jaka mai bututun shan ruwa, ya fito sak ɗan yawon buɗe ido, in ban da teɓar da ta riga shi yin gaba. Oumarou kuwa tsohon takalminsa na aiki ne, da rawani, da buta a jaka.

Ban taɓa ganin mutum ya sake kamar yadda Oumarou ya sake a ranar ba. A Al Quoz kansa a sunkuye yake, nan kuwa har tsawo ya ƙara. Yana gaba yana taka dutse kamar a tsakar gidansu, yana juyowa yana gaya mana inda za mu sa ƙafa. Ya hana Alhaji kwankwaɗar ruwa, ya ce kurɓa ake yi. Ya hana shi zama idan ya gaji, ya ce ya huta a tsaye kada gwiwa ta yi sanyi. Har waƙa na ji yana yi ƙasa-ƙasa da yarensu. Ni dai na ji daɗin ganinsa haka, har na daina jin haushin tashin asubar da aka sa ni.

Hanyar ta bi ta doron dutse, doguwa ce mai kewaye. Babu komai sai duwatsu masu launin toka da 'yan ƙayoyi, sai awaki da ban san me suke ci ba. Wayoyinmu suka daina kama sabis tun muna ƙasa. Alhaji ya sha wuya. Ya yi haki, ya yi salati, ya zagi likita, amma bai ce a koma ba. Bayan azahar muka kai inda Oumarou ya nufa, wani fili a can sama inda iska ke kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Muka yi salla, muka ci dabino da burodi. Oumarou ya ba ni wayarsa na ɗauke shi hoto tare da Alhaji, na sake ɗauka, domin ya ce a na farkon bai fito kamar jagora ba.

Alhaji ne ya fara ganin hadarin. Ya nuna da sandarsa wajen teku, inda sama ta yi baƙi ƙirin daga ƙasa har tsakiya.

"Malam Oumarou, wancan fa?"

Oumarou ya kalle shi, sannan ya juya baya gaba ɗaya ya dubi gabas. Ya daɗe yana dubawa, hannunsa a goshi. Gabas tas take, shuɗiya, ko gajimare ɗaya babu.

"Wancan ya wuce mu," in ji shi. "Hadarin da ke yamma ya riga ya yi gaba. Na gabas aka tsoro, kuma ga gabas nan kamar an wanke ta."

"Nan fa da sanyi suke ruwansu," Alhaji ya ce. "Mun sha gani."

"Wanga yayyahin da ko riga ba ya jiƙawa? Alhaji, Janairu muke. Ruwan da ke cika kwari da zahi yake tahowa."

"Kafin ka zo an yi wani da ya cinye motoci a titi."

"Wane wata?"

"Afrilu."

"Voilà, ka gani. Bazara ke nan, zahi ya shigo."

Duk muka yarda, domin abin da ya faɗa shi muka sani tun muna yara. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu, idan ya ji iska ta sauya gabas yake dubawa. Uwata idan ta ga baƙi a yamma ko shanya ba ta kwashewa. Shekarun da muka yi a Dubai tsakanin ofis da jirgin ƙasa da gida muka yi su, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya ga ta inda ruwan garin yake zuwa. Kuma wane Bahaushe ne zai tambayi waya ko za a yi ruwa a watan Janairu?

Hanyar sauka biyu ce. Ko mu koma ta doron da muka hau, ko mu bi ta wadi, wato kwarin da ya tsaga dutsen ya gangara har kusa da inda muka bar mota. Ta kwarin ta fi kusa nesa ba kusa ba. Gwiwoyin Alhaji sun riga sun kumbura, yana tafiya yana cije baki. Oumarou ya dube shi, ya dubi rana, ya ce idan muka bi doro duhu zai same mu a sama da mutum mai ciwon ƙafa. Ya ce ya bi kwarin ba sau ɗaya ba, busasshe ne ƙayau, da damina ce ko da kuɗi ba zai shiga ba. Ya ƙara duban gabas, sannan muka gangara.

Da farko kwarin mai faɗi ne, cike da tsakuwa da manyan duwatsu masu sulɓi. A hankali ya riƙa tsukewa, bangon dama da na hagu suna ƙara tsawo, har sama ta koma 'yar siririya a bisa kanmu. Iska ta ɗauke. Muna tafiya a hankali saboda Alhaji, Oumarou yana riƙe da hannunsa a duk inda ake sauka da tsalle.

Ni na lura haske ya ragu, na ɗauka yamma ce ta yi. Oumarou ya tsaya cak ya ɗaga kai. Wannan 'yar siririyar samar ta rufe, kuma gajimaren gudu yake, daga wajen teku yana hawa dutsen da muka baro. Na ga fuskarsa, ban kuma so abin da na gani ba. Bakinsa yana motsi kamar mai lissafi.

"Tahowa yake," ya ce a hankali. "Daga yamma yake tahowa."

Aka yi tsawa can sama a bayanmu. Inda muke ɗigo kaɗan ne suka sauka, manya-manya masu sanyi. Alhaji ya ce to mu ƙara sauri mana, mota ba nisa. Oumarou kuwa idonsa a kan bangon kwarin yake, yana bin sa dama da hagu. Ya ja mu muka yi gaba kaɗan da gudu-gudu, Alhaji yana ɗingishi, har muka zo inda bangon dama ya ɗan karye, akwai wani tudu kamar baranda a sama, ya fi tsawon mutum biyu.

"Labaran, hau. Aje jaka," ya ce mini.

"Ruwan ai bai—"

"Hau, na ce."

Bai taɓa yi mini magana da wannan muryar ba. Ya haɗa hannuwansa na taka, na taka kafaɗarsa, na kama wata tsaga na ja jikina, gwiwata ta ɗaye ban ma ji ba. Ina kaiwa sama ya warware rawaninsa, ya ƙulla dutse a bakin rawanin ya jefo mini. Ya ce in zagaya shi a jikin wani ƙaton dutse da ke wurin, in riƙe da duk ƙarfina. Ranar na fara ganin kansa a buɗe a waje, ashe duk furfura ce.

Sai muka ji ƙarar. Ba ta yi kama da ruwa ba. Kamar manyan motoci ne suke sauke tsakuwa a can cikin kwarin, kuma ƙasa tana rawa. Wata iska mai warin laka ta riga ta iso.

Alhaji ya kama rawanin ya ɗaga ƙafa, takalmin nan mai tsada ya zame, ya dawo ƙasa. Ya sake, ya sake zamewa. Ya fara kuka yana cewa ba zai iya ba, mu bar shi. Oumarou ya ɗaura masa bakin rawanin a ƙarƙashin hammata, ya durƙusa ya sa kafaɗa a ƙarƙashinsa.

"Alhaji, taka ni. Kar ka ji kunya, taka kaina."

Ya miƙe da shi. Har yau ban san inda siririn mutumin nan ya samo ƙarfin ba. Ina ja, yana turawa, Alhaji ya taka kafaɗarsa, ya taka kansa, ya kama bakin tudun da ƙirji. Na saki rawanin na cafki wuyan rigarsa na jawo shi, muka zube tare. Na fizge rawanin daga jikinsa, ƙullin ya ƙi kwancewa, na sa haƙori. Da ya kwance na jefa shi ƙasa.

Oumarou yana tsaye yana kallon sama, hannunsa a miƙe. Ruwan ya fito daga kwanar kwarin, baƙi ƙirin, da itace da duwatsu a gabansa, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Na ji nauyin Oumarou a rawanin, na tabbata ya kama. Na ja, Alhaji ya kama bayana ya ja. Sai nauyin ya tafi, muka faɗi da baya.

Muka yi ta kiran sunansa, ko kanmu ba ma ji saboda ƙara. Ruwan ya ci gaba da hawa har ya kusa taɓa inda muke, sannan sama ta ɓalle a kanmu da ruwa da ƙanƙara. Alhaji ya kifa kai a dutse yana ta maimaita innalillahi. Ni kuwa rawanin na jawo, rabinsa ya sha laka, na rungume shi.

Kafin magariba ruwan ya janye kamar ba a yi ba, ya bar laka da tarkace. Masu aikin ceto ne suka sauko da mu, wasu makiyaya sun ga motarmu sun kira su. Muna isa inda sabis yake wayata ta hau ƙara, saƙonni suna shigowa a jere, da Larabci da Turanci, ana gargaɗin jama'a su nisanci kwaruruka saboda ruwa mai ƙarfi. Tun da hantsi aka turo su.

Washegari aka same shi, can ƙasa kusa da wani garken awaki.

Ni aka bar wa kiran Hannatou, domin Alhaji ko magana ba ya iya yi. Mun saba gaisawa idan Oumarou ya kira ta a gidanmu. Na yi sallama, na tambayi 'yarsu Kadija, na rasa ta inda zan fara, sai na faɗa kawai. Ta yi salati. Da ta yi magana, muryarta a tsaye take.

"Malam Labaran, mi ya kashe shi?"

"Ruwa ne, Maman Kadija. Ambaliya ce ta same mu a cikin kwari."

"Ruwa. Cikin wanga sanyi."

"Wallahi ruwa ne."

"Ka ji tsoron Allah ka hwaɗa mini gaskiya. In kaya sunka hwaɗo mishi wurin aiki, ka ce mini. In hwaɗa ankai, ka ce mini, ni mai haƙuri ce. Amma kar ka ce ruwa ya ci Oumarou cikin kwari. Mutumin da ko girgije ya gani ba ya bari akuya ta shiga kwari."

Na rantse, na sake rantsewa. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da duk wanda ya ɓoye mata, ta kashe wayar. Ban ji haushinta ba. Da ni ne a Kano aka bugo mini da wannan labarin, abin da zan faɗa ke nan.

Da yardar 'yan'uwansa aka binne shi a nan, a maƙabartar Al Quoz. Daga bakin kabarin ana hango rufin rumfunan ƙarfen da ya tsana, abin ya ƙona mini rai har na kasa tsayawa addu'a ta ƙarshe. Mai kamfanin yawon dutsen bai ma san an yi ba, hotunan suna cikin wayar da ruwa ya tafi da ita. Alhaji ya warke daga ciwon gwiwa, amma ya daina zama cin tuwon Lahadi. Takalmin da sandar ya ba mai gadin gidanmu.

Rawanin ban wanke shi ba. Na naɗe shi yadda yake, na ba wani ɗan kasuwar Agadas da zai koma gida, tare da sauran 'yan kayan Oumarou.

Sanyi ya wuce, zafi ya dawo, ina ofis da rana sai ga kiranta. Tun ranar nan ba mu sake magana ba. Muka gaisa sama-sama.

"Kaya sun iso," ta ce. "Na ga rawanin. Na ga lakar."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ta ce amin. Na ɗauka shi ke nan, sai na ji ta ja numfashi.

"Malam Labaran, ƙasar nan taku, ta ina hadari ke taso musu?"

"Ta yamma."

Sannan na ji kukan da ba ta yi ba a ranar farko ya taho mata.

"Gabas ya duba ke nan," ta ce.